Ƙarau a Cikin Uwar Rawani

A zamanin da, can baya da nisa, an yi wata ƙasa wadda masu ba da labari suka manta sunanta, amma ba su manta da abin wuyan gidan sarautarta ba. Sarƙa ce ta lu'ulu'u, irin wanda masu nutso ke tsamowa daga ƙarƙashin teku. Mutanen ƙasar suna kiranta Uwar Rawani, domin ba a naɗa wa kowa rawanin sarauta sai ya kawo ƙwaya ɗaya an ƙara a cikinta. Ba Sarki ke sa ta ba, ba kuma matansa ba. Magajiya ce, wato babbar mace a cikin jinin sarauta, take rataye da ita kullum, don sun ce lu'ulu'u in aka kulle shi a akwati ya rasa ɗumin jikin mutum, dusashewa yake yi.

Kowace ƙwaya da tarihinta, kuma duk Sallar Layya Sanƙira, shugaban maroƙan fada, yakan tsaya ya zayyana su ɗaya bayan ɗaya. In kuwa Magajiya ta rasu, bayan sadakar arba'in sai a yi abin da ake kira ranar kwance zare. A tsinke zaren, a baje ƙwayoyin kan farin mayafi a ƙofar fada, a faɗi asalin kowace, sannan sabuwar Magajiya ta shirya su da hannunta. Wanda ya kafa gidan ya bar doka biyu a kan wannan. Ta farko, ƙwayar da aka samo da zalunci ba ta shiga zaren. Ta biyu, muddin ƙwayoyi na kan mayafi, duk wanda ya san wani abu game da asalin wata ya faɗa, ba a kama shi da laifin baki. Ba a taɓa jin wanda ya yi amfani da wannan dama ba, don mutane sun lura doka ta ce ba a kama ka ranar, amma ba ta ce komai game da kashegari ba.

To, a zamanin Sarki Cindo ɗan Barmo, cikin tsakiyar damina, Allah ya yi wa Magajiya Tabawa rasuwa. Gwaggon Sarki ce, ita ta goya shi tun uwarsa ta bar duniya. Da aka yi mata wanka aka cire sarƙar, aka damƙa wa Ma'aji Labbo ya adana har ranar kwance zare.

Shi Labbon nan ƙanin Waziri Arzika ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Arzika dogo ne, shiru-shiru, ba ya magana sai ya auna. Labbo kuwa gajere mai tumbi, mai raha, wanda ko a wurin ta'aziyya sai an harare shi kafin ya daina murmushi. Tun yana ƙarami yake fama da ciwon ƙirji, da sanyi ya taɓa shi sai numfashi ya riƙa yi masa gardama. Arzika ne ya rene shi bayan mutuwar iyayensu, kuma ko da suka tsufa a fada, Labbo bai taɓa kiransa Waziri ba. Ko a gaban Sarki, Yaya yake ce masa.

Ana nan, ran nan kewar gwaggonsa ta kama Sarki, ya ce a kawo masa sarƙar ya ji ƙanshin turarenta. Labbo ya kawo. Sarki na juya ta a hannu sai ya ga babbar ƙwayar tsakiya, wadda ubansa Sarki Barmo ya sa, tana ɓarewa kamar fatar albasa. Ya sa aka kira wani madugu da ya san kayan teku. Madugu ya goga ta a haƙorinsa, ya sake gogawa, sannan ya faɗi ya yi gaisuwa.

Ya ce, "Allah ya ba ka nasara, lu'ulu'u na gaskiya yana da ɗan kaushi a haƙori, kamar ka tauna rairayi. Wannan sulɓi gare shi. Ƙarau ne aka shafa wa wani abu mai walƙiya."

Sarki ya dubi Ma'aji, idonsa ya kaɗa ya yi ja.

Ya ce, "Labbo, daga wuyan Gwaggo hannun wa ta faɗa?"

Labbo ya ce, "Hannuna, ranka ya daɗe. Amma na rantse da wanda raina ke hannunsa, yadda aka ba ni haka na ajiye. Ko ƙirga ta ban yi ba."

Sarki ya ce, "Duk cikin sarƙar nan ba ka ga ta ɗauka ba sai ta ubana? Yari, tafi da shi. Ga hukuncina, kowa ya ji. In ranar kwance zare ta zo ƙwayar ubana ba ta dawo ba, Hauni ya sare kan Ma'aji a gaban mayafin."

Aka ja Labbo. Da ya zo ƙofa ya waiwayo, bai dubi Sarki ba, bai dubi kowa ba sai wansa. Ya ce, "Yaya." Iyakar abin da ya ce ke nan, aka fita da shi.

Waziri ya roƙi Sarki izinin duba sarƙar, ya fita da ita hasken rana. Tsakanin kowace ƙwaya da 'yar'uwarta akwai ƙulli, kuma Magajiya kaɗai ke ƙulla shi. Tabawa bahaguwa ce, ƙullinta yana karkata hagu, duk gidan an san haka. Waziri ya duba ƙullin da ke gefe da gefen ƙarau ɗin, ya ga na bahago ne, kuma ya yi baƙi da gumi da turare. Ba ƙullin jiya ba ne, ba na shekaranjiya ba.

Ya koma ya nuna wa Sarki. Ya ce, "Zaki, wannan ƙarau ya daɗe a wuyan Magajiya kafin ya zo hannun Ma'aji."

Sarki ya ce, "Waziri, kana so ka ce Gwaggo ce ta saci kayan gidan ubanta? Wanda ya iya satar lu'ulu'u ai ya iya kwaikwayon ƙulli. Na san ƙaninka ne, shi ya sa na ƙyale ka. Kada in sake jin wannan magana."

Waziri ya fito yana tunani. Ya tabbata Magajiya ce ta cire ƙwayar da hannunta. Amma tsohuwar da ba ta rasa ci ba, ba ta rasa sutura ba, ina za ta kai lu'ulu'u? Ya ga neman inda ƙwayar ta tafi ba zai kai shi ko'ina ba, tunda mai amsar tana kabari. Sai ya yanke shawara ya bi ta baya, ya nemi inda ta fito.

Ya fara da Sanƙira. Ya same shi a zaurensa yana shan fura, ya ce ya maimaita masa tarihin ƙwayar Sarki Barmo. Sanƙira ya share baki, ya gyara murya, ya ce wani babban sarki na Gabas ne ya ji labarin Barmo tun bai hau gado ba, ya aiko masa da ita cikin akwatin azurfa, da raƙuma da bayi masu rakiya.

Waziri ya ce, "Ka ga raƙuman da idonka?"

Sanƙira ya yi dariya. Ya ce, "Haba, ranka ya daɗe! Ni maroƙi ne, ba mai gadin ƙofar gari ba. Yadda ubana ya ba ni haka nake bayarwa. In ka ga na ƙara wani abu, to, raƙumi ɗaya ne ko biyu, don daɗin ji."

Daga nan Waziri ya nufi zango, inda ayari ke sauka. Tsohon Sarkin Zango yana nan da rai, ya makance, ɗansa ke riƙe da aikin, amma hankalinsa garau. Waziri ya zauna kusa da shi a kan buzu, ya tambaye shi ayarin Gabas na shekarar da aka naɗa Barmo.

Tsoho ya ce a kori yara daga zauren. Sannan ya ce, "Waziri, shekarar nan hanyar Gabas a rufe take saboda yaƙi. Ko jaki bai shigo da kaya ba, balle raƙumi. Abu ɗaya na san ya shigo daga Gabas, shi ne Alhaji Nadabo marini, da ƙafarsa, da sandarsa, da gorarsa. Bai yi wata biyu da dawowa ba aka ce ya yi sata a fada, Hauni ya gama da shi. Ni dai ban taɓa jin abin da aka ce ya sata ba, kuma ban tambaya ba. Ina da 'ya'ya ƙanana a lokacin."

Waziri ya ce, "Ya bar baya?"

Ya ce, "'Ya ɗaya, Gwamma. In tana da rai, tana bayan karofi."

Kashegari da hantsi Waziri ya tuɓe alkyabba, ya sa tsohuwar riga, ya bi ta lungun marina shi kaɗai. A bayan ramukan rini ya sami wata bukka da ruwa ya cinye gindinta. Wata dattijuwa na zaune a ƙofa tana dakan baban rini, hannuwanta sun rine har gwiwa. Ya yi sallama. Ta ɗaga kai ta dube shi, ta ajiye taɓarya.

Ta ce, "Ko ba alkyabba na gane ka, ranka ya daɗe. Tun da na ji an kama Ma'aji na san wani zai zo. Shigo daga ciki."

Ta jawo wani tandun kwalli daga cikin jinka, ta zazzage shi a tafin hannunta. Ga ƙwayar nan, fara sol, tana ɗaukar ido a kan shuɗin hannun. Tare da ita akwai ɗan guntun zare mai ƙulli biyu, duk sun karkata hagu.

Waziri ya ce, "Inna, yaya aka yi ta zo hannunki?"

Gwamma ta ce, "Ka tambayi yadda ta bar hannunmu tukuna. Ubana ya tafi Hajji a ƙasa ina goye. Guzuri ya ƙare masa a bakin teku, ya zauna shekaru yana ja wa masu nutso igiya a jirgi. Da zai taho, maigidansa ya ba shi wannan ladan wahalarsa. Ya dawo na yi wayo. Murna ta hana shi ɓoyewa, duk wanda ya zo yi masa barka sai ya nuna masa, ya ce ta Gwamma ce. A lokacin Barmo na jiran rawani, ba shi da ƙwaya, hanya kuma a rufe, ga ɗan'uwansa na neman sarautar. Aka aiko a saya. Ubana ya ce ba ta sayarwa ba ce. Aka sake aikowa, ya sake faɗa. Na uku dogarai ne suka zo."

Ta share ido da bayan hannu. Ta ce, "Tun daga ranar sunana 'yar ɓarawo. Na yi aure sau biyu, duk ranar da aka sami saɓani, da sunan nan ake rako ni gida. Bara waccan da damina, sai ga wata tsohuwa da lulluɓi ta shigo nan. Ta durƙusa a inda kake zaune, ta buɗe fuska, na ga Magajiya ce. Ta ce ta san komai tun ranar da aka rataya mata ita, tsoro ya hana ta magana, yanzu kuma kabari take tsoro fiye da fada. Ta ajiye mini ta tafi. Ni kuwa me zan yi da ita? Ba na iya sawa, ba na iya sayarwa, ba na iya nuna wa kowa."

Ta miƙo hannu. Ta ce, "Ungo, ranka ya daɗe. Kai wa Sarki, ka fanshi ƙaninka. In sun kashe ni ba komai, na gaji. Abin da kawai ke ci mini rai, za a ce ɓarauniya 'yar ɓarawo, an gama da su duka."

Waziri ya dubi ƙwayar. Ga ran Labbo a tafin hannun tsohuwa, miƙa hannu kawai zai yi. Amma ya san Sarki. In ya kai ta bai faɗi inda ya samo ba, za a ce Labbo ne ya ba shi ajiya. In kuwa ya faɗa a cikin ɗaki, daga shi sai Sarki, to, kafin la'asar Labbo na gida, kafin magariba kuma an binne Gwamma da labarinta, a mayar da ƙwayar zare, Sanƙira ya ci gaba da raƙumansa. Wuri ɗaya ne Sarki ba zai iya toshe kunne ba, shi ne gaban mayafi, a gaban jama'a. Ranar kuwa da saura, ga damina ta kankama.

Ya naɗe mata yatsunta a kan ƙwayar. Ya ce, "Mayar da ita tandu, Inna. Kada ki gaya wa kowa na zo. Ranar kwance zare zan aiko a ɗauke ki."

Daga nan ya wuce gidan yari da bargo da maganin tari. Ɗakin da aka sa Labbo rabinsa a cikin ƙasa yake, ruwa na tsatsafowa ta bango. Ya tarar tumbin nan ya fara zubewa, numfashinsa na fita da ƙara. Yari na tsaye a bakin ƙofa, kunnensa a buɗe, kuma duk abin da ya ji da safe yana kunnen Sarki kafin azahar. Ga shi Labbo bai taɓa iya riƙe magana a cikinsa ba tun yana yaro.

Labbo ya kama hannunsa. Ya ce, "Yaya, ka samo wani abu?"

Waziri ya ce, "Ina kan nema, Labbo. Ka yi haƙuri."

Labbo ya yi ɗan murmushi. Ya ce, "Na sani. Na gaya wa Yari, in dai Yaya na waje, ko a cikin cikin kifi take sai ya zaƙulo ta."

Waziri ya fito da ƙyar yake ganin hanya. Bai taɓa yi wa ƙaninsa ƙarya ba sai ranar. Ya roƙi Sarki a mayar da Labbo ɗaki mai bushewa, Sarki ya ƙi. Ya sake roƙo, Sarki ya juya masa baya. Kwanaki suka yi ta tafiya, ruwa bai fasa ba. Duk zuwan da zai yi sai ya tarar tarin ya ƙaru, raha ta ragu. Sau da yawa yakan kama hanyar karofi da niyyar ya karɓo tandun a gama, sai ya tsaya a bakin lungu, ya hango tsohuwa na daka, ya juya.

Ranar kwance zare ta zo. Gari ya taru a ƙofar fada, malamai a dama, fatake da masu sana'a a hagu, Hauni na tsaye da takobinsa. Ba a fito da Labbo ba, don Yari ya ce ba ya iya tsayuwa. Aka shimfiɗa farin mayafi, sabuwar Magajiya ta tsinke zare, ƙwayoyi suka gangara.

Sanƙira ya fara. Ya ɗaga ta farko, 'yar ƙarama mai ruwan ƙwai, ya ce uwar wanda ya kafa gidan ce ta zo da ita, sadakinta ne daga wani baƙon Arewa. Ya ɗaga wadda aka ƙetaro hamada da ita a cikin goran zuma saboda 'yan fashi. Ya ɗaga wadda maƙwabta suka bayar ranar da aka yi sulhun rijiyoyi, da wadda wata Magajiya ta ɓoye a bakinta ranar da gobara ta ci fada, har ta kusa haɗiye ta. Haka ya yi ta bi, har ya zo kan ƙarau. Nan ya tsaya, ya dubi Sarki.

Waziri ya miƙe, ya zo gaban mayafi ya durƙusa. Ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki. Ƙwayoyi na kan mayafi. Dokar kakanka tana nan, ko an ɗage ta?"

Sarki ya ce, "Tana nan."

Waziri ya ce, "Ta yau kaɗai, ko har gobe da jibi?"

Mutane suka dubi juna. Sarki ya ɗaure fuska, amma idon gari na kansa. Ya ce, "Wanda ya yi magana yau, ba abin da zai same shi muddin ina raye. Na rantse."

Waziri ya juya wajen Alƙali. Ya ce, "Allah ya gafarta malam, ina da tambaya. Mutum ne ya ƙwace wa baƙonsa akuya, ya ba ƙanwarsa kiwo. Bayan ya mutu, ƙanwar ta kora akuya ta mayar gidan mai ita, ta ɗaure tunkiya a turken. Magada suka zo suka kama makiyayin da ya kwana da garken. A cikinsu wa ya yi sata?"

Alƙali ya ce, "Wanda ya ƙwace. Ƙanwar ta sauke nauyi ne, makiyayi kuwa an zalunce shi."

Waziri ya ce, "To, a shigo da su."

Aka jawo tsohon Sarkin Zango, ya faɗi abin da ya sani game da hanyar Gabas. Sannan Gwamma ta fito da shuɗin hannunta, ta durƙusa, ta ba da labarinta tun daga igiyar jirgi har zuwan dogarai. Ta zazzage tandu a kan mayafi. Ƙwayar ta gangara ta tsaya kusa da ƙarau, da guntun zarenta.

Sarki ya miƙe tsaye. Ya ce, "Ke! Ubana kike kira azzalumi a ƙofar gidansa? Wa zai shaida Gwaggo ce ta ba ki?"

Gwamma ta ce, "Ba ni da shaida, ranka ya daɗe, mu biyu ne a bukkar. Sai dai ta bar saƙo. Ta ce in wata rana ka tambaya, in ce maka, Na-Gwaggo, ka yafe mini, wuyana ne ya gaji."

Ba wanda ya san wannan suna a duk faɗin ƙasar. Da shi take kiransa in sun kaɗaita, tun yana kan bayanta. Sarki ya tuna yadda takan sa hannu ta ɗaga ƙwayar tsakiya daga ƙirjinta tana murza wurin, shi kuwa yana yi mata dariya wai tsufa ne. Ya koma ya zauna a hankali, ya ja amawali ya rufe fuskarsa.

Da ya buɗe fuska sai ya ce, "Baiwar Allah, sarƙar gidanmu ba ta taɓa zama da giɓi ba. Ki faɗi abin da kike so, gona ko gida ko shanu, in saya a hannunki da yardarki."

Gwamma ta sunkuyar da kai. Ta ce, "Ba ta sayarwa ba ce, ranka ya daɗe. Haka ubana ya ce."

Dogarai suka zabura, Sarki ya ɗaga musu hannu. Ya ce, "Haka ya ce, kuma da gaskiyarsa. Ɗauki kayanki."

Nan take ya yanke hukunci. Ya ce mai shela ya zaga kasuwa da unguwanni ya faɗa Alhaji Nadabo marini ba ɓarawo ba ne, zaluntarsa aka yi, kuma a biya 'yarsa diyya. Ya ce a mayar da ƙarau ɗin cikin zare a gurbin ubansa, kada a sake shafa masa komai, kuma Sanƙira ya riƙa faɗin tarihinsa yadda yake. Sannan ya ce a saki Ma'aji, a mayar masa da muƙaminsa da mabuɗansa.

Waziri bai tsaya jin kirarin da ake yi masa ba, ya nufi gidan yari har yana tuntuɓe. A kan tabarma aka fito da Labbo, mutum huɗu na riƙe da ita, ko da yake biyu ma sun isa. Aka kai shi gida, aka hura masa wuta. Da ya ɗan farfaɗo, matarsa ta ba shi labarin duk abin da ya faru a fada. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya juyo da kai wajen wansa.

Ya ce, "Yaya, tun yaushe ka san inda take?"

Waziri ya so ya yi shiru, amma ƙarya ɗaya ta ishe shi. Ya ce, "Tun farkon shigarka."

"Ranar da ka kawo mini bargo?"

"Daga wurinta nake."

Labbo ya rufe ido, ƙirjinsa na hawa da sauka. Can ya ce, "Ka yi daidai. Tsohuwar ba ta da kowa. Ni dai da kai ne a ramin nan, da ban iya barin ka ka kwana ɗaya a ciki ba, ko duniya za ta ce na yi zalunci." Ya yi tari mai tsawo, ya share baki. Sannan ya ce, "Sannu da ƙoƙari, Waziri. Allah ya ba ka nasara."

Ya juya fuskarsa bango.

Labbo bai tashi daga wannan kwanciya ba. Kullum Waziri na gefensa, shi ke ba shi magani, shi ke gyara masa matashi, Labbo kuwa yana gode masa da ladabi, yadda ake gode wa manya. Kafin a yanke gero Allah ya karɓi abinsa, kuma har ya cika bai sake cewa Yaya ba.

Ƙasa ta zauna lafiya. An ce tun daga lokacin ba a sake yi wa kowa hukunci a fadar ba sai an bi asalin magana, kuma Gwamma ta ƙare kwanakinta ana kiranta 'yar Alhaji. Waziri Arzika ya yi tsawon rai, mutane suna buga misali da adalcinsa, shi kuwa ba ya son a yi zancen a gabansa.

Duk Sallar Layya yakan zauna a dama da Sarki, Sanƙira na bin ƙwayoyi ɗaya bayan ɗaya. In ya zo tsakiya sai ya sassauta murya ya ce, "Wannan ƙarau ne, gurbin Sarki Barmo. Ya ci Alhaji Nadabo marini, ya ci Ma'aji Labbo." Sai jama'a su ce Allah ya ji ƙansu. Waziri kuwa sai an wuce ƙwaya ta gaba, an wuce ta gaba da ita, kafin ya iya ɗaga kansa.

Nan masu ba da labari suke tsayawa, nan ni ma na tsaya.